Abin da Ɗigon Jini ke Faɗa: Gwajin Jini da na Ɓargo ga Yara da Mata

Iyaye mata da masu faɗakarwa na gari, kun daɗe da sanin ma'aunin damtse. Kun san ja, kun san ɗorawa, kun san kore, kun kuma san cewa damtsen da bai kai milimita 115 ba yana neman likita a ranar. Amma ma'aunin nan labarin tsoka yake bayarwa, ba ya ganin jini. Yaro kan faɗa cikin kore, kumatunsa cike, alhali jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa yara 73 cikin 100 ƴan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma mata 46 cikin 100 da ke shekarun haihuwa. Abin da ya yi yawa haka yakan zama kamar ba ciwo ba, ido ya saba da shi. Wannan darasi zai bayyana yadda ake gano cututtukan jini da na ɓargo, abin da kowane gwaji ke nema, da dalilin da ya sa ake tura wani yaro gaba alhali an sallami ɗan'uwansa da ƙwayoyi.

Gonar jini

Duk wadda ta taɓa fasa ƙashin rago a miya ta san ɓargo. A jikin ɗan Adam, ɓargo shi ne gonar da ake noman jini, dare da rana, ba rani ba damina. A jikin ƙaramin yaro kusan kowane ƙashi yana wannan aiki. In mutum ya girma, aikin yakan tattaru a ƙashin ƙugu, ƙashin ƙirji, haƙarƙari da ƙashin baya.

Iri uku gonar ke fitarwa. Akwai jajayen ƙwayoyi, masu ɗauke da wani sinadari da ake kira emogulobin, wanda ke kwasar iskar numfashi daga huhu ya rarraba wa jiki. Kowace jar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki kafin ta tsufa a maye gurbinta. Akwai fararen ƙwayoyi, dakarun da ke yaƙar cuta. Sannan akwai wasu ƴan mitsi-mitsi da ma'aikatan likita ke kira palaket, waɗanda ke toshe rauni su tsayar da zubar jini.

In aka ce jinin yaro ya yi ƙasa, ba a gama magana ba, an dai fara ta. Wataƙila gonar lafiya lau take, taki ne babu, wato abincinsa ba ya ɗauke da isasshen sinadarin ƙarfe da bitamin. Wataƙila ana noma sosai amma ana ɓarnata amfanin, kamar yadda masassarar cizon sauro da cutar emasi ke farfasa jajayen ƙwayoyi tun kwanansu bai ƙare ba. Wataƙila jinin yoyo yake yi a ɓoye, ta hanyar tsutsar ciki ko tsargiya, ko a fili ta hanyar haila mai yawa da haihuwa kusa da kusa. Wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, gonar ce kanta ta kamu. Duk waɗannan a fuska kamarsu ɗaya: yaro ya yi fari, ya yi laushi, ya daina wasa. Maganinsu kuwa ya sha bamban, har wanda ke warkar da wani yana iya cutar da wani. Aikin gwaji ke nan, ya rarrabe su.

Daga tafin hannu zuwa ɗigon jini

Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura. A buɗe tafin hannun yaro a wuri mai haske, ba cikin duhun ɗaki ba, a gwada shi da tafin wani mai lafiya. A ɗan ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta, a duba harshe da dasashi. In jan da aka saba gani ya dushe, akwai alamar ƙarancin jini. In tafin ya yi fari fat, ko kuwa farin ya haɗu da numfashi sama-sama, kasa shan nono, ko yawan barcin da ba a iya tada yaro daga shi, to ba a kwana da shi a gida. Lalle a hannu yana ɓoye launin tafi, don haka ga mace mai lalle a dogara ga ido da harshe.

Ido yana kama ƙarancin jini mai tsanani, amma matsakaici yakan kuɓuce masa. Shi ya sa a CSI da yawa ake soka ɗan yatsa, ko diddige in jariri ne, a ɗauki ɗigo ɗaya a saka cikin wata ƴar na'ura da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Kafin minti ɗaya ko biyu lamba ta fito. Ita ce ake rubutawa a karne da haruffa biyu, Hb. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da mace mai ciki, an saba ɗaukar abin da ya gaza 11 a matsayin ƙarancin jini. Ga macen da ba ta da ciki, abin da ya gaza 12. A 2024 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sauke iyakar yara ƴan wata 6 zuwa 23 zuwa 10,5. Lambar da ya kamata kowace uwa ta riƙe ita ce 7: ƙasa da ita, ga yaro ko mai ciki, ƙarancin ya yi tsanani.

Tare da wannan kusan kullum akan yi TDR, gwajin gaggawa na masassarar cizon sauro, wanda ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20. Dalili a fili yake. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, a Maraɗi, Damagaram da Tawa, babu abin da ke zubar da jinin yaro cikin kwana biyu ko uku kamar masassarar nan. Lokacin kuma ya zo daidai da ƙarewar hatsi a rumbu, sai yunwa da sauro su haɗu a kan yaro guda. Kwana cikin sange da shan maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida a watannin damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59 suna cikin manyan hanyoyin tsare jini, ko da ba da wannan suna ake kiransu ba.

Yaro mai tamowa yana da nasa hukunci

Nan ne iyaye suka fi yin ƙorafi, don haka bari mu tsaya a kai. Uwa takan ga ɗanta a CRENI ya yi fari, an gaya mata jininsa kaɗan ne, amma ba a ba shi maganin ƙarin jini ba, ba a kuma ƙara masa jini ba. Sai ta ɗauka sakaci ne. Ba sakaci ba ne.

A kwanakin farko na jinyar tamowa mai tsanani, jikin yaro ba ya iya sarrafa sinadarin ƙarfe. In an ba shi, ƙwayoyin cuta ne za su ci moriyarsa, ciwon ya ƙaru. Saboda haka madarar farko, F-75, ba a ƙara mata ƙarfe. Sai yaro ya farfaɗo, cin abinci ya dawo, sannan a shigo da shi. Abincin gyaɗar nan na leda da ake bayarwa a CRENAS kuwa ya riga ya ƙunshi ƙarfen da yaron ke buƙata. Uwar da ta sayo ruwan ƙarin jini a kasuwa ta haɗa masa da shi ba gata ta yi masa ba.

Haka ƙarin jini. Zuciyar yaro mai tamowa ta rame kamar yadda cinyarsa ta rame, kuma jinin da aka ɗura mata da yawa ko da sauri yana iya fin ƙarfinta. Don haka ba a ƙara masa sai Hb ya gaza 4, ko ya gaza 6 tare da wahalar numfashi, kuma a hankali ake yi, kimanin mililita 10 ga kowane kilo na nauyinsa, cikin awa uku. A ranar shiga ake son a yi gwajin, domin bayan kwana biyu da fara jinya lambar kan sauka ba don jini ya ƙare ba, sai don ruwan da ya koma cikin jijiyoyi ya tsinka shi. Likitan da ya ga lamba ta sauka a kwana na uku bai ruga neman jini ba, ya san abin da yake yi.

Kwalba mai jan-algashin murfi

In ƙarancin ya yi tsanani, ko ya ƙi jin magani, ko yana dawowa, ɗigo ɗaya ba ya isa. Sai a tura yaro asibitin gunduma ko na jaha, a ɗebi jini daga jijiya cikin ƴar kwalba. Gwajin da ake yi da shi shi ne ake rubutawa NFS. Na'ura ce ke ƙidaya iri ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ta kuma auna girman jajayen ƙwayoyi.

Girman nan yana da magana. Ƙwayoyin da suka fito ƙanana, koɗaɗɗu, sun fi nuna rashin ƙarfe, wanda shi ne ya fi yawa a wurinmu, musamman ga yaron da aka yaye a kan kunun gero zalla da macen da ta jera ciki. Waɗanda suka fito manya fiye da kima suna nuna rashin asid folik ko bitamin B12. Akwai kuma ƙidayar sababbin ƙwayoyi, waɗanda ba su daɗe da barin ɓargo ba. In suna da yawa, gona tana aiki, ɓarna ce ko yoyo ke cinye amfanin. In sun yi kaɗan alhali jini ya yi ƙasa, to ko taki ya ƙare ko gonar ta tsaya.

Bayan na'ura, ma'aikacin labo kan shafa jinin siriri a kan gilashi, ya rina shi, ya duba da madubin likita. A nan ido ke ganin abin da lissafi ba ya faɗa: ƙwayar masassara kwance cikin jar ƙwaya, ko ƙwayar da ta lanƙwashe kamar lauje, ko wasu fararen ƙwayoyi ɗanyu da bai kamata a ce sun fito daga ɓargo ba. Kada kuma ku yi mamaki in an zo don jini aka ce a kawo kashi da fitsari. Tsutsa ake nema a ɗaya, ƙwan tsargiya a ɗayan. Yaron da ke wanka a tafki yana fitsarin jini, ko an cika shi da ƙwayoyin ƙarfe, tulu ne mai huda ake zuba wa ruwa.

Emasi

Cutar da muke kira emasi, wasu su ce amosanin jini, maƙwabtanmu na Najeriya su ce sikila, gado ce. Ba a ɗaukarta a ƙwarya ko a shimfiɗa, ba maita ba ce, ba kuma laifin nonon uwa ba ne. Kowane mutum yana gadon nau'in emogulobin biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA ba shi da ita. Mai AS yana ɗauke da irin, amma yawanci lafiyarsa lau, yana iya tsufa bai sani ba. Mai SS shi ne mai cutar. A yankinmu akwai kuma nau'in C, kuma wanda ya haɗa S da C shi ma yana fama, ko da sau da yawa bai kai mai SS ba.

In uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ta zuwa da SS. Mutane kan fahimci wannan a karkace, su ce in an haifi ɗaya mai ciwo, ukun da ke biye sun tsira. Ba haka ba ne. Ku ɗauka an zuba tsakuwa huɗu a ƙwarya, ɗaya baƙa, ana zaɓa ido rufe, kuma bayan kowane zaɓi ana mayar da tsakuwar. Wata za ta ɗauki baƙar sau uku a jere, wata ta haifi shida ba ta taɓa ta ba. Masu faɗakarwa, ku riƙe wannan da kyau saboda gidajen da ake ɗora wa mace laifi har a kai ga saki: babu yaron da ke zama SS sai ubansa ya ba da rabi. In kishiya ta haifi lafiyayyu, wataƙila ita AA ce, ko kuma tsakuwar ce ba ta faɗo mata ba tukuna. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da irin, shi ya sa gwaji kafin a sa rana ya fi gwaji bayan suna.

Jaririn SS yakan yi watanninsa na farko lafiya, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi. Wajen wata 6 kariyar ke janyewa. Alamar farko sau da yawa ita ce kumburin bayan hannu da bayan ƙafa mai zafi, yaro na tsala kuka in an taɓa. A kula, wannan ba kumburin tamowa ba ne, wanda ba ya ciwo kuma yatsa ke lotsawa a cikinsa. Daga baya sai ciwon ƙashi da ke tashi lokacin hunturu ko bayan gudawa, idanu su yi ɗorawa kamar shawara, saifa ta kumbura, girma ya tsaya. Jar ƙwayar mai emasi kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, ɓargo na ta gudu ba ya cim mata. Yaron da ya shiga shirin tamowa sau biyu ko uku, yana cinye abincinsa amma ba ya gaba, ya cancanci a yi masa wannan gwaji.

Gwajin iri biyu ne, kuma bambancinsu na da muhimmanci. Na farko, gwajin Emmel, ana yinsa a ƙananan labo: a hana ɗigon jini iska, a ga ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. Yana cewa akwai S, amma ba ya rarrabe AS da SS. Iyaye da yawa sun kwana da kuka a kan takardar Emmel alhali ɗansu mai ɗauke da iri ne kawai. Mai yanke hukunci shi ne na biyu, elektoroforez, wanda ke ware nau'o'in emogulobin ya rubuta su da sunansu. Ana samunsa a manyan asibitoci da cibiyar ƙasa ta masu emasi da ke Yamai. Sharaɗi ɗaya: in an ƙara wa yaro jini, a gaya wa likita, domin jinin wani da ke yawo a jikinsa yana ɓata amsa, kuma akan jira kamar wata uku kafin a yi. In da hali, a ɗebi jinin gwajin tun kafin a ɗaura ledar ƙarin.

Sanin sunan ciwon yana sauya rayuwar yaro. Za a sa shi kan asid folik da maganin kariya daga ƙwayoyin cuta, a cika masa allurar rigakafi, a koya wa uwa ta yawaita ba shi ruwa, ta rufe shi lokacin sanyi, ta iya taɓa saifarsa. Zazzaɓi a jikinsa ba na jira ba ne. Ba a kuma ba shi ƙwayar ƙarfe sai gwaji ya nuna yana buƙata, musamman in an sha ƙara masa jini, domin ƙarfen kan taru ya cutar da hanta da zuciya. Tsagar da ake yi a kan kumburarriyar saifa ba ta rage komai sai ɗan jinin da ya saura.

In gonar ce ta kamu

Wannan bai kai sauran yawa ba, mai faɗakarwa na iya shekaru bai gamu da shi ba, amma wanda ya san alamarsa shi ke ceton yaron. Abin lura shi ne iri ukun su lalace tare. Yaro ya yi fari saboda jajaye sun ƙare. Zazzaɓi ya ƙi sauka mako biyu ko fiye, an yi maganin masassara ko TDR bai nuna komai ba, saboda fararen ba sa aiki. Ga haɓo, ga dasashi na jini, ga ɗige-ɗigen ja ko baƙin tabo a fata kamar an doke shi alhali ba wanda ya taɓa shi, saboda palaket sun yi ƙasa. A jikin mai lafiya sukan kai 150 000 zuwa 400 000 a ma'aunin labo. In aka ƙara da kaluluwa a wuya ko hammata da ba ta ciwo ba ta kuma bajewa, ciwon ƙashi da ke tada shi da dare, ko ciki ya kumbura, to a yi maza.

Abu biyu likita zai fi zargi. Ko ɓargo ya bushe ya daina noma, abin da wasu magunguna da guba kan jawo, ciki har da kuloramfenikol da ake saye a tebur ba da takardar likita ba. Ko kuma wasu ɗanyun fararen ƙwayoyi sun yi ta hayayyafa sun mamaye ɓargon kamar yadda ƙuduji ke kashe gero, wato sankarar jini. NFS yana nuna hanya, amma tabbaci sai an duba gonar da kanta. Gwajin shi ake kira miyelogiram.

Ga yadda ake yi. A wanke wurin, a yi allurar kashe zafi, ga ƙaramin yaro a haɗa da abin da zai kwantar da shi. Sai a shigar da wata allura ta musamman cikin ƙashin ƙugu, ga babba wani lokaci ƙashin ƙirji, a zuƙo ɓargo ɗan kaɗan, a shafa a gilashi. Aikin bai cika wuce rubu'in awa ba. Akwai zafi na ɗan lokaci sa'ad da ake zuƙowa, wurin kuma kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Ɓargon da aka ɗiba yana mayar da kansa cikin ƴan kwanaki. Ba ya gurgunta yaro, ba ya hana shi haihuwa in ya girma. A rarrabe shi da ɗibar ruwan baya da ake yi in ana zargin sanƙarau: wancan ruwa ake ɗiba tsakanin ƙasusuwan baya, wannan ɓargo ne daga ƙugu. Sunayen ma kan rikita mutane, sankara daban, sanƙarau daban. Ba kowane asibiti ke yin gwajin ba, sau da yawa sai an dangana da babban asibiti, har Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara take.

Gargaɗi ɗaya a nan ya fi sauran nauyi. Ƙwayoyin nan da ake kira dekisa, waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba, wasu kuma ke ba yara don su ci abinci, suna ɓoye sankarar jini. Yaro zai ɗan warware, gwajin ɓargo ya fito ba a ga komai sosai ba, bayan makonni ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya kuma fi wuyar magani. Sankarar jinin yara tana cikin waɗanda ake iya warkarwa in an kama da wuri aka kuma bi magani har ƙarshe. Duk abin da yaro ya sha, na kanti ko na gargajiya, a tafi da kwalinsa ko ragowarsa a nuna, ba wanda zai yi faɗa.

Akwai kuma yaran da jininsu ba ya daskarewa, yawanci maza, gado ta wajen uwa. Akan gane su ranar kaciya, ko cire beli, ko faɗuwar haƙori, jini ya ƙi tsayawa. In an taɓa rasa yaro a dangi ta wannan hanya, a nemi gwajin daskarewar jini kafin wanzami ya taɓa ƙanensa.

Tsoron allura da neman jini

Akan ji uwa ta ce, yaron da ba shi da jini kuma za a ɗebe masa? Tambaya ce mai hankali, ga amsarta. Yaro mai kilo 10 yana da jini kusan mililita 800. Kwalbar NFS mililita 2 take ɗauka, ba ta kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba. Jinin gwaji ba ya shiga jikin kowa, ba shi da kasuwa, in an gama ana zubar da shi tare da sharar asibiti.

Jinin da ake ƙara wa mara lafiya kuwa daga mutane yake fitowa, babu masana'antar da ke yinsa. Kafin a ɗaura shi ana duba rukuninsa ya dace da na yaron, ana kuma tace shi daga sida, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. A watannin masassara ma'ajiyar jini takan yi ƙasa a daidai lokacin da aka fi buƙata. Don haka in an tura yaro saboda ƙarancin jini mai tsanani, kada a bar uwa ta tafi ita kaɗai da goyo. Namiji lafiyayye ɗaya ko biyu, mai shekara 18 zuwa sama da nauyin kilo 50 ko fiye, su bi ta. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi.

Rabon mai faɗakarwa

Ba aikinku ba ne ku karanta takardar gwaji ku sanya wa ciwo suna, ko da kun gane haruffan. Lamba ɗaya tana da fassara daban ga jariri, ga mai ciki, ga mai emasi, wanda Hb ɗinsa na yau da kullum kan tsaya wajen 7 ko 8 yana yawonsa. Naku shi ne ku gano, ku tura, ku bi sawu. Ku taimaki uwa ta shirya amsar abin da za a tambaye ta: yaushe ciwon ya fara, an taɓa ƙara masa jini, akwai mai irinsa a dangin uwa ko na uba, an taɓa rasa yaro da irin wannan alama. Ta tafi da karne da duk tsofaffin takardu, domin gwajin bara shi ke ba na bana ma'ana. Tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin jinya a likitocin gwamnati, amma wasu manyan gwaje-gwaje kan buƙaci kuɗi ko tafiya mai nisa, gara a tambayi majo tun kafin a hau mota. Abin da kuka ji game da jinin wani gida kuma amana ce. Maganar emasi da ta fita bakin rijiya tana iya hana ƴan matan gidan aure.

Yawancin waɗanda kuka tura za su dawo da amsa mai sauƙi, rashin ƙarfe, da ƙwayoyi ko ruwan magani a hannu. A gaya wa uwa kashin yaro zai yi baƙi, ba komai ba ne. A raba maganin da shayi, domin shayi yana hana ƙarfe shiga jiki, a haɗa shi da abu mai tsami kamar lemo ko tumatir. A ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, yawansa guba ne. A sa hanta, kifi, wake, fara da zogale cikin abincin yaro gwargwadon hali. Mai ciki ta ci gaba da shan ƙwayar da ake ba ta wurin awo kullum, ko ta ji ƙarfi. Ana shan maganin wata uku, ba a tsayawa don launi ya dawo. Bayan mako huɗu a koma a sake soka yatsa. In Hb ya hau da 1 ko 2, hanya ta yi daidai. In bai motsa ba alhali an sha maganin yadda aka ce, ku rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma, ku kuma rubuta a kanta ranar da aka fara maganin da lambobin biyu.